Makon Yafiya

Kwana tara ke nan ruwa bai ɗauke a Valdivia ba.
Kogi ya cika ya batse har wuyan gada.
Mu kuwa a ɗakin karatu na jami'a
mun jera bokiti uku a sashen shari'a,
kowane ɗigo da irin muryarsa wajen faɗowa.

Eliana ce ta manna takarda a ƙofa ran Litinin:
"Wannan mako babu tara.
Duk mai riƙe da littafinmu ya kawo,
ba mai tambayarsa dalili."
Nibaldo mai gadi ya karanta, ya ce
da mai gidan hayarsa zai yi irin wannan hali
da ya huta da shiga gida da saɗaɗawa.

Ni aka ajiye a teburin karɓa,
hannuna kuwa ya ga abin da ya gani:
littafin lissafi mai tambon gindin kofi,
ƙamus da kare ya cinye masa harafin farko,
wani ya sha ruwa ya kumbura kamar burodi.
Ɗalibi ya dire, ya juya, ido a ƙasa,
kamar mai mayar da tukunyar aro da ta tsage,
ko sannu ba ya tsayawa amsawa.

A bene Ximena na fama da zare da gam,
tana ɗora karaya, tana ɗinke rauni.
Ta ce ita wanda ke ba ta tausayi
shi ne littafin da ya tsufa fes a kan kanta,
ba wanda ya taɓa buɗewa.

Ran Alhamis, dab da tashi,
wani dattijo ya shigo, rigar ruwansa na tsiyaya.
Ya kwance leda, cikin leda wata leda,
ya fito da littafin gyaran injin jirgin ruwa,
bangonsa baƙi ƙirin da shafar hannu,
warin man dizal na tasowa.

Na haska lambar, kwamfuta ta yi shiru.
Ba ta san shi ba, ya girme ta.
Na juya baya, ga katin da, ga hatimi:
shekara talatin da ɗaya.
Ga kuma sa hannun Fresia,
wadda ta koya mini jera kanta,
muka kai ta makwanci bara da kaka.
Na daɗe ina kallon wutsiyar da take yi wa harafinta
har rubutun ya soma narkewa.

Ya ce sunansa Aliro.
Yana aji biyu teku ta riƙe mahaifinsa,
sai ya koma bakin ruwa, bai sake waiwayen aji ba.
"Ban samu takardar shaida ba," in ji shi,
"amma wannan ya ciyar da 'ya'ya huɗu.
Jikata za ta fara karatu nan a watan Maris.
Ba na so ta tarar da sunanmu a jerin masu bashi,
ta shigo da kai a sunkuye tun farawa."

Nibaldo ya lissafa tarar da yatsu,
ya ce ta isa sayen kwalekwale har da injinsa.
Eliana ta harare shi, ta jawo sabon kati,
irin wanda muke ba mutanen gari.
Ta ce ko a sake ba shi aron abinsa?
Ya ce a'a, wannan ya haddace.
In da hali, yana son na tsuntsaye:
akwai farare masu baƙin wuya a kan kogi,
shekara da shekaru suna gaisawa,
bai san me suke ci ba, ko ina suke zuwa.

Na buga hatimi, na ce, "Mako biyu, Baba."
Ya yi dariya har da tari.
Ya naɗe shi cikin ledojin nan biyu,
ya fita cikin ruwan da bai da niyyar tsagaitawa.

Ran Juma'a muka ƙirga: ɗari huɗu da bakwai sun dawo.
Muka ci wainar kabewa a tsaye, da shayi mai ɗaci.
Na injin yana can teburin Ximena,
ta ɗinke bayansa, amma zanen yatsun nan baƙaƙe
ta ce ba ta gogewa.
Ni kuma bokiti na biyu ya cika,
bari in je in zubar kafin lokacin rufewa.